Agogon Mai Takaba

Alwala nake yi a bakin rariya ranar da Gwaggo 'Yardada ta gano agogon. Na naɗe hannun riga ke nan zan kwance shi in ɗora a kan murfin bokiti, kamar yadda na saba yi a ɓoye, sai na ji ƙarar sandarta ta tsaya a bayana. Shi kuma agogon, kamar wanda aka aiko, a daidai lokacin ya ga damar kawo haske.

"Sadiya, mene ne wannan a hannunki?"

Na ce agogo ne, Gwaggo. Ta ce ai ta gani, ba makancewa ta yi ba. Abin da take tambaya shi ne, tun yaushe mai takaba ta fara ado.

Gwaggo 'Yardada ƙanwar mahaifin mijina Hambali ce. Bayan sadakar uku aka ɗauko ta daga Gwammaja aka kawo ta sashena, a gidan gadon su Hambali da ke Kabara, don ta taya ni zaman takaba. Taya zama aka ce, amma gadi ta zo yi. Ta juya madubin ɗakina ya fuskanci bango, ta kwashe kwalli da turare ta ɗaure a ƙullin kayanta, ta hana ni ɗaga murya, ta hana ni sauri ko da tukunya tana ƙonewa. Har wata 'yar wuƙa mai kube ta damƙa mini, wai kada in kuskura in rabu da ita. Na yi Islamiyya daidai gwargwado, na san wanne ne na littafi, wanne ne na kakanni, amma ban ga fuskar da zan ja da ita ba. Mace ce da ko gyaran murya ta yi sai kajin gidan sun nutsu.

Hambali lafiyarsa ƙalau ya fita. Ya je Ƙofar Mata karɓo rinannen yadin da yake kai wa 'yan kasuwa, yana tsaye yana raha da masu rini bayan an idar da la'asar, ya dafe ƙirji ya zauna. Bai sake tashi ba.

Ba a yi arba'in ba abin ya fara zuwar mini, kuma da la'asar yake zuwa. Ina zaune lafiya sai zuciyata ta hau dukan ƙirjina kamar ana sussuka, yatsuna su yi sanyi, iska ta ƙi wuce maƙogwarona. In ji a jikina, ba shakka ko kaɗan, cewa ga ta nan, irin wadda ta ɗauki Hambali ce ta dawo ɗaukata. Karon farko yayana Fa'izu ne ya kwashe ni zuwa asibitin kusa da mu. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Wata likita mai sanyin murya ta ce zuciyata garau take, ciwon fargaba ne, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani. Sai dai ba a wajenta yake ba. Ta tura ni asibitin nan na bayan gari, wanda sunansa kaɗai zagi ne a bakin yaran unguwa.

Fa'izu ne ya yi ta sintiri a madadina. Aka ba shi rana, aka ɗaga, wai likitan ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi. Aka sake ba shi, aka sake ɗagawa, wai wanda ya rage shi kaɗai ne a kan jama'ar da ba ta ƙirguwa. Ya samo wata lambar waya da aka ce ana sauraron masu damuwa, na kira har na haddace kukanta, ba a taɓa ɗauka ba. A ƙarshe dai aka ce ranar Talata, kuma aka gaya masa ƙarara cewa wanda ranarsa ta wuce shi sai ya koma bayan layi. Ran da ya kawo mini wannan labari ne ya zaro agogon daga aljihu, baƙi, marar ƙyalli, irin wanda ake haɗawa da waya. Ya ce in riƙa maneji da shi kafin Talatar.

Ban san yadda zan kwatanta abin da agogon nan ya zame mini ba, ba tare da an yi mini dariya ba. Yana jin bugun zuciyata. In ta fara gudu alhali ina zaune, sai ya ɗan girgiza a hannuna, wani fure ya bayyana a fuskarsa, ya buɗe a hankali, ya rufe a hankali, ni kuma in bi shi da numfashi. Sau da yawa yakan riga ni sanin abin ya taso. Wannan 'yar tazarar ita ce rufin asirina, don kafin fuskata ta tona ni na riga na miƙe na shige ɗaki. A can sai in zuba wa lambar bugun da yake nunawa ido ina kallo tana sauka, ina gaya wa kaina cewa zuciyar da za ta tsaya ba ta sauka a hankali haka. Yana da nasa shirmen, ba na musu. Yakan ce na daɗe a zaune in tashi in taka, ni da aka kawo tsohuwa takanas don ta zaunar da ni. Amma a duk gidan nan shi kaɗai ya san halin da nake ciki, kuma ba ya kai gulma.

Gulmar kuwa ita nake tsoro. Yaya Maharazu, wan Hambali, shi ne babban gida. Ba mugu ba ne, yana son 'ya'yana Aminat da Sadiƙ kamar shi ya haife su, kuma matsalar ke nan. Tun ranar da Fa'izu ya fita da ni ranga-ranga, matarsa Nana Hauwa ta fara yawan leƙowa sashena da kwanon miya da idanu. Da kunnena na ji ta ta bayan katanga tana cewa Yaya ya ce in dai uwar ba daidai take ba, gara yaran su dawo gabansa tun da wuri. A garin nan, macen da aka gani a ƙofar wancan asibitin ta gama magana. Ko gishiri ta ce ya yi yawa a miya sai a kalli juna. Na rasa miji, ina ganin zan iya rayuwa da wannan. 'Ya'yana kam, a'a.

Shi ya sa da Gwaggo ta miƙo tafin hannunta a bakin rariyar nan, sai na yi jinkirin kwancewa. Na so in ce ba ado ba ne, magani ne. To sai ta ce maganin me? Na kwance na ba ta. Ta jujjuya shi, ta ja haɓar zaninta za ta ƙulle shi tare da goronta, ta ce in na fita takaba na karɓa. A nan ne bakina ya riga hankalina.

"Gwaggo, in bai ji ɗumin jikin mutum ba lalacewa yake yi. Kuma na Yaya Fa'izu ne, aro ya ba ni."

Allah Ya yafe mini. So nake ta ce to in ci gaba da ɗaurawa a ɓoye. Amma na manta da wa nake magana. Gwaggo 'Yardada ba ta yarda da asara ba, kuma ba ta yarda da sassauci ba. Ta auna su biyun, sannan ta miƙo mini siririn hannunta ta ce in ɗaura mata, ita ai ba takaba take ba. Sai da na kai ramin ƙarshe na maɗaurin kafin ya zauna.

Washegari da la'asar abin ya zo ba sallama. Nana Hauwa tana zaune a tabarmata tana ba ni labarin tsadar tumatir, Sadiƙ yana kwance a cinyata. Ban sami gargaɗin kowa ba. Kawai na ji tsakar gidan ta yi nisa, muryarta ta koma kamar daga cikin rijiya. Na shafa hannuna inda agogon yake zama, babu komai sai fata. Nana Hauwa ta tsaya da maganarta ta ce lafiya na yi gumi haka? Na ce cikina ne, na ture yaron, na nufi banɗaki da tafiyar mai takaba, a hankali, alhali ƙafafuna gudu suke so. Na jingina da bango a ciki ina kalmar shahada. Babu lamba, babu fure, babu mai ce mini ba mutuwa ba ce. Da na fito ta tafi, amma ta bar kwanon miyarta, alamar za ta dawo ɗauka.

Kwanakin da suka biyo baya a tsorace na yi su. Tsoron abin ya fi abin kansa cin rai. Tun azahar nake fara sauraron ƙirjina, in an kira la'asar kuwa sai in nemi dalilin shiga ɗaki in zauna a bakin gado ina jira. Ga Talata tana matsowa, ni kuma ban san ta inda zan fita ba. Lungunmu ko a-daidaita-sahu ba ya shiga, sai an taka har bakin titi, ta gaban zauren da Yaya Maharazu yake zama, ta gaban masu kanti da masu ɗinki da duk wanda ya san ni matar marigayi ce. Mai takaba tana fita neman magani, wannan na sani. Amma sai an tambaye ta wane asibiti.

A irin wannan zaman jiran ne na ɗauki wayata, don hannuna ya sami abin yi, na buɗe inda agogon yake aiko da bayaninsa. Na manta cewa bai daina aiki ba. Ga lamba nan tana motsi, bugun zuciyar Gwaggo, wadda ke zaune a ƙofar ɗakin a kan darduma tana jan carbi. A hankali take tafiya, irin ta tsofaffi. Na ce a raina, ka ji masu zuciyar dutse. Har na ɗan ji sanyi ina kallonta, kamar mai jin ɗumin wutar maƙwabta.

Sai ladan ya kira salla, lambar ta fara hawa.

Na zaci wayar ce ta rikice. Na leƙa ta labule. Gwaggo tana nan yadda take, bayanta a miƙe, fuskar nan a ɗaure tamau. Lambar ta wuce ɗari, ta ci gaba. Na san wannan hawan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Da na ƙara dubawa sai na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba: carbin ya tsaya a hannunta, ɗaya hannun kuma ya shige ƙarƙashin mayafi ya damƙe wani abu. Leɓenta na ƙasa yana rawa kaɗan.

"Sadiya," ta kira ni ba tare da ta juyo ba. "Zo ki cire mini abin nan naki. Kullum war haka sai ya cije ni."

Na fito na durƙusa a gabanta. Furen yana buɗewa yana rufewa a hannunta, ba mai kula shi. Ban cire ba. Na ce Gwaggo, kalli nan, in ya buɗe ki ja numfashi, in ya rufe ki sake. Ta harare ni harara mai kyau, ta ce ita zan mayar abokiyar wasa? Amma muryarta ba ta fita duka ba. Ni ma a lokacin nawa ya taso, don ganin nata ya tayar da shi, sai na kama hannun nata da hannuwana biyu na fara bin furen don kaina. Ban san lokacin da ta biyo ni ba. Na dai ji numfashinmu ya zama ɗaya, muna ja, muna saki, har liman ya tayar da salla a masallacin lungu.

Da ta dawo daidai, abin da ta fara cewa shi ne agogon maƙaryaci ne. Na ce to. Ta tashi ta yi sallarta, na yi tawa. Sai da ta shafa addu'a, tana kallon bango, ta ce ita tsuntsu take ce wa ciwon. Tun rasuwar mijinta Malam ya shiga ƙirjinta, shekara arba'in ke nan ko fiye, shi ma da la'asar aka shigo da gawarsa. An ba ta rubutu ta sha, an yi mata hayaƙi, da ta manyanta 'ya'yanta sun kai ta an auna zuciyar ba sau ɗaya ba, aka ce lafiya. Wata yayarta ta ce mata ƙarancin tawakkali ne, daga ranar ba ta sake gaya wa kowa ba. Ta zaro hannunta daga mayafi. 'Yar wuƙa ce irin tawa, kubenta ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda riƙo.

"Kin zaci don aljanu na ba ki taki? Don hannu ya sami abin damƙa ne."

Kuka ya ƙwace mini, na kasa tare shi. Na gaya mata komai, likita mai sanyin murya, ranakun da aka yi ta ɗagawa, Talata, da abin da na ji ta bayan katanga. Har ƙaryar ɗumin jiki na faɗa mata. Na jira ta ce wani abu mai daɗi. Ta ce in share fuskata yara suna shigowa, kuma tuwon dare ba zai tuƙa kansa ba. Agogon ma ba ta mayar mini ba.

Ba ta sake tayar da maganar ba har ranar Litinin ta wuce, ni kuma na kasa tambaya. Na yanke ƙauna. Na riga na fara shirya yadda zan gaya wa Fa'izu duk wahalarsa ta tashi a banza.

Ranar Talata da sassafe, yara sun tafi makaranta ke nan, na ga Gwaggo ta fito da mayafinta na unguwa da takalmin da ba ta sawa sai za ta gidan biki ko gidan mutuwa. Ta ce in sa hijabina, in kira Fa'izu ya jira mu a bakin titi da mota. Na bi ta a baya muka ratsa tsakar gida, Nana Hauwa ta saki tsintsiya ta bi mu da kallo.

Yaya Maharazu yana zaure yana karin kumallo da koko da ƙosai. Ya gaishe da Gwaggo, sannan ya gan ni, ya ajiye ludayi. Ya tambayi ina zuwa da sanyin safiyar nan. Gwaggo ta faɗi sunan asibitin, ɓaro-ɓaro, da ƙarfin da na tabbata mai shayin ƙofar gida ya ji. Na ji ƙasa tana juyawa da ni. Yaya ya dube ni, irin kallon wanda zarginsa ya tabbata, kuma wallahi har da tausayi a ciki, wanda ya fi komai ba ni tsoro.

"Me kake kallonta?" in ji Gwaggo. "Ni ce ba ni da lafiya. Kaina ne yake damuna, rakiya za ta yi mini."

Ya yi sororo. Ya ce haba Gwaggo, wane irin zance ne wannan, kin san abin da mutane za su ce? Ta ce su ce, ita wa zai fasa aurenta? Ya ce to ai mai takaba ba ta rakiya, bari ya kira Nana Hauwa. Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

"Maharazu, ni da kai wa ya taɓa yin takaba?"

Ya janye ƙafafunsa muka wuce.

Lungun nan bai taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Gwaggo tana gaba tana amsa gaisuwa, duk wanda ya ce ina zuwa Hajiya sai ta gaya masa, ba ta rage ko harafi ba. Na ga tela ya tsayar da kekensa, na ga matar mai kanti ta rufe baki da mayafi. Kafin azahar labarin zai kai Gwammaja, cewa 'Yardada, wadda ake kira ta tsawatar wa amare da zawarawa, ta taɓu. Mutuncin da ta yi shekara arba'in tana tarawa da ɗaurarriyar fuska, ga shi tana rabar da shi a lungu kamar alawa. Ni kuwa ba wanda ya ko kalle ni.

A asibitin mun tarar da jama'a har bakin baranda. Muka sami gefen benci muka zauna. Rana ta ɗaga, ta take. Aka fito aka ce likita ya shiga taro. Aka sake fitowa aka ce ba lalle ya ga kowa da kowa yau ba. Fa'izu ya gaji da zirga-zirga ya koma mota. Da zuciyata ta fara gudu, Gwaggo ta ɗora hannunta mai agogon a cinyata ta danna shi yadda ta ga ina yi, muka bi furen tare, mutane suna kallonmu. A wurin nan dai ba wanda zai ce mana komai.

Ana gab da la'asar wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira Halima Sadiya. Na miƙe. Na juya zan ce wa Gwaggo ta jira ni, sai na gan ta tsaye, ta riga ta gyara mayafi ta dafa sandarta. Ma'aikaciyar ta ce mutum ɗaya ake shiga, Hajiya, 'yan rakiya a waje suke jira.

"Ba rakiya na zo ba, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Na gaya wa duk Kabara ba ni da lafiya. Da furfurata ba zan koma gida da ƙarya ba."

Ma'aikaciyar ta dube ta, ta dube ni, ta matsa gefe. A bakin ƙofar Gwaggo ta laluba ƙarƙashin mayafinta, ta zaro 'yar wuƙar ta miƙa mata, ta ce ta ajiye mata wannan kafin ta fito.